Ajalin Ƙwayar Halitta: Tarihin Wani Ilimi da Ya Ratsa Ƙasarmu Sau Uku

Gabatarwa

Idan aka ambaci tarihi a ƙasar Kontagora, abin da kan fara zuwa a zukatanmu shi ne labarin Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kafa garin a shekarar 1864, sai sarautar Sarkin Sudan, sai kuma zuwan Turawa a 1901. Wannan tarihin sarauta ne, kuma bai rasa masu riƙe da shi ba, tun daga fada har makaranta. Akwai kuwa wani tarihin da ba a buga masa tambari, ba shi da maroƙi ko sanƙira, alhali ya shafi kowane gida a ƙasar nan. Shi ne tarihin yadda ɗan Adam ya gano cewa ƙananan ƙwayoyin da aka gina jikinsa da su suna ɗauke da umarnin mutuwarsu a cikinsu, kuma lafiyar jiki ta rataya ne a kan bin wannan umarni a lokacin da ya dace.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan biri da gada? Amsarmu ita ce, wannan ilimi bai tashi daga Turai ya sauka Amurka kai tsaye ba. A kan hanyarsa ya ratsa ƙasarmu har sau uku: ya bi ta muƙamuƙin yaranmu, ya bi ta rumbun gyaɗarmu, ya kuma bi ta cikin anguryar audugarmu. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan tafiya, domin mu ga abin da aka ɗauka a wurinmu, da abin da ya dawo mana, da kuma abin da har yanzu muke jira.

Mafarin Lamarin

A shekarar 1665 wani mutumin Ingila mai suna Robert Hooke ya yanki ɓawon itace siriri, ya sa shi a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma, sai ya ga 'yan ramuka a jere kamar saƙar zuma, ya kira su 'yan ɗakuna. Sai da aka shafe shekara fiye da 170 kafin Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka bayyana a 1838 da 1839 cewa dukkan tsiro da dabba da irin waɗannan 'yan ɗakuna aka gina su. Su ne muke kira ƙwayoyin halitta. Kowace ɗaya tana da fatarta, tana da cibiya inda aka ajiye rubutun gado, wato DNA, tana kuma da wasu 'yan murahu da ke ƙona abinci su ba ta ƙarfi.

Daga nan hankalin masana ya koma kacokan kan yadda ƙwaya ke rabuwa biyu ta hayayyafa. Mutuwarta kuwa ba a ɗauke ta abin nazari ba, domin ana ganin mutuwa haɗari ne da ke faɗo wa ƙwaya daga waje, kamar ƙuna, ko guba, ko yankewar jini. Duk da haka an sami ɗaiɗaikun da idonsu ya kai. A 1842 Carl Vogt, yana nazarin yadda talibambam ke girma ya zama kwaɗo, ya lura cewa wasu ƙwayoyi na ɓacewa daidai lokacin da ya kamata wasu su maye gurbinsu. A 1885 kuma Walther Flemming ya zana hoton ƙwayoyin da ke mutuwa a ma'ajiyar ƙwan zomanya, cibiyarsu tana dunƙulewa tana farfashewa. Waɗannan rubuce-rubuce sun kwanta a ɗakunan karatu shekara da shekaru, ƙura na binne su.

Abin mamaki shi ne, hujjar tana gaban kowa. Duk yaron da ya taɓa kama talibambam a kududdufi da damina ya san wutsiyarsa takan ɓace, kuma babu wanda ya yanke ta. Haka hannun jariri a cikin uwarsa yakan fara ne a manne kamar ƙafar agwagwa, sai ƙwayoyin da ke tsakanin yatsu su mutu, yatsun su rabu. Ashe ke nan mutuwa ma tana cikin masu ginin jiki. A 1964 ne Richard Lockshin da Carroll Williams na Jami'ar Harvard suka ba wannan lamari suna. Sun yi nazari ne a kan wani ƙwaro mai saƙa siliki, irin wanda masaƙanmu ke samun zaren tsamiya daga danginsa. Sun ga cewa jijiyoyin naman da ƙwaron ke amfani da su wajen fitowa daga kwansonsa sukan narke jim kaɗan bayan sun gama aikinsu, kamar an ɗiba musu wa'adi. Suka kira abin mutuwar da aka tsara.

Sunan da Malamin Harshe Ya Raɗa

Wanda ya fito da lamarin fili shi ne John Kerr, wani masanin cututtuka ɗan ƙasar Ostareliya. A farkon shekarun 1960, yana karatu a Landan, ya ɗaure jijiyar da ke kai jini zuwa wani ɓangare na hantar ɓera, ɓangaren ya yi ta ƙanƙancewa. Da ya duba a madubi sai ya tarar da mutuwa iri biyu. A ta farko ƙwaya takan kumbura ta fashe, kayan cikinta su watsu, wurin ya yi zafi ya kumbura. Wannan kamar gobara ce, wadda ba ta tsayawa a gidan da ta tashi. A ta biyu kuwa ƙwayar takan tsuke, ta yayyanka kayan cikinta, ta ƙulle su ƙunshi-ƙunshi, maƙwabta su zo su haɗiye, ba kumburi ba tabo. Wannan kamar mai tashi daga gida ne da ya ɗaure kayansa, ya share ɗaki, ya miƙa mabuɗi.

A 1972 Kerr ya haɗu da Andrew Wyllie da Alastair Currie a Jami'ar Aberdeen ta ƙasar Sikotlan, suka buga maƙalar da ta nuna cewa wannan mutuwa ta biyu tana faruwa a ko'ina cikin jiki, a lafiya da rashin lafiya, kuma ita ce abokiyar tagwaicin hayayyafar ƙwaya. Da suka rasa sunan da za su ba ta, sai suka tafi wurin malamin harshen Girkanci na jami'ar, James Cormack, shi kuwa ya ba su kalmar afoftosis, wadda a Girkancin da take nufin kakkaɓewar ganye daga itace. Mu da muke ganin kuka na zubar da ganyenta da rani ba tare da ta mutu ba, ba ma buƙatar dogon sharhi kan dacewar wannan suna. A wannan maƙala za mu kira abin ajalin ƙwaya.

Shekaru fiye da goma maƙalar ba ta sami masu kula da ita sosai ba. Abin da ya farfaɗo da ita wata 'yar tsutsar ƙasa ce da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, wadda Sydney Brenner ya zaɓa don nazari a Cambridge. Jikinta garau yake kamar gilashi, saboda haka John Sulston ya zauna ya ƙidaya ƙwayoyinta ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙwai. Ya tarar ana haifar ƙwaya 1,090, daga ciki 131 su mutu, 959 su rage. A kowace tsutsa waɗannan 131 ɗin ne dai ke mutuwa, a wuri guda, a lokaci guda. Abin da ke maimaita kansa haka ba haɗari ba ne, rubutacce ne. Robert Horvitz da ɗalibansa suka bi diddigi har suka gano umarnin gadon da ke zartar da hukuncin a 1986, da kuma wanda ke hana zartar da shi a 1992. Mutanen uku sun sami kyautar Nobel a 2002.

Yadda Hukuncin ke Gudana

A yau an san cewa a cikin kowace ƙwaya akwai wasu furotin masu aiki kamar almakashi, ana kiransu kasfes, suna nan a rufe suna jiran izini. Izinin kan zo ta ɗayan hanyoyi biyu. Wani lokaci daga waje yake zuwa, sa'ad da sojojin jiki suka taɓa wata ƙofa a fatar ƙwayar da cuta ta shiga. Wani lokaci kuma daga ciki yake tasowa. Idan rubutun gado ya lalace fiye da gyara, wani furotin mai suna p53, wanda aka gano a 1979, yakan yanke hukunci. Daga nan sai 'yan murahun nan su huje, wani sinadari mai suna saitokurom ya zubo, kamar yadda Xiaodong Wang ya nuna a 1996, shi kuma ya buɗe almakasan. Cikin 'yan sa'o'i an gama. Akwai kuma masu tsaron ƙofar murhun da ke hana ta hujewa, babbansu shi ne furotin ɗin da ake kira BCL-2. Rayuwar ƙwaya ko mutuwarta ta dogara ne ga wanda ya rinjaya tsakanin masu tsaro da masu hujewa.

Ta wannan hanya dubban miliyoyin ƙwayoyi ke mutuwa a jikin kowannenmu kullum, ba mu sani ba. Idan abin ya yi yawa, gaɓoɓi su lalace, kamar yadda ake gani a wasu cututtukan ƙwaƙwalwa. Idan ya yi kaɗan, ƙwayar da ya kamata ta tafi ta zauna, ta hayayyafa, ta zama ciwon daji. A nan ne labarin ya iso ƙasarmu.

Ratsawa ta Farko: Muƙamuƙin Yaro

A 1957 wani likitan fiɗa ɗan Ayalan, Denis Burkitt, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kamfala ta ƙasar Yuganda, ya ga yara da kumburi a muƙamuƙi mai girma cikin hanzari, har haƙora su yi girgiɗi, ido ya turo. Ya bayyana cutar a rubuce a 1958, kuma sunansa take ɗauke da shi har yau. A 1961 shi da abokansa biyu suka yi tafiyar mil kusan 10,000 a mota, asibiti zuwa asibiti, suna tambaya ko ana ganin irin wannan ciwo. Taswirar da ta fito ta nuna cewa cutar tana bin wuraren zafi da ruwan sama, inda ruwan shekara ya haura milimita 500, wato inda sauro ya yi kaka-gida. Ƙasar Kontagora, wadda ruwanta kan ninka wannan adadi, tana tsakiyar wannan yanki. Rahotannin asibitocin koyarwa na Zariya da Ibadan sun daɗe suna sanya wannan ciwo a sahun gaba cikin ciwon dajin yara.

Wani masani a Landan, Anthony Epstein, ya saurari laccar Burkitt a 1961, ya zargi bairos, kuma a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano shi a cikin ƙwayoyin kumburin. Shi ne bairos na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. A daidai wannan lokaci, a asibitin koyarwa na Ibadan, R. J. V. Pulvertaft ya ɗebi ƙwayoyi daga muƙamuƙin wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11, a 1963, ya rayar da su a kwalba. Ba su mutu ba. Zuriyarsu, wadda aka sani da sunan Raji, tana nan a ɗakunan bincike na duniya yau shekara fiye da sittin, kuma a kanta ake gwada sinadarai masu yawa don a ga ko za su tilasta wa ƙwayar daji bin ajalinta. Ƙwayoyin da suka ƙi mutuwa a jikin yaronmu su suka zama allon da duniya ke koyon karatun mutuwa a kansa.

Sannu a hankali aka warware sirrin cutar. Rubutun gado a ɗaure yake dami-dami, kowane dami da lambarsa. A wannan ciwo wani yanki na dami na 8 ne ke ɓallewa ya manne a dami na 14, sai umarnin hayayyafa mai suna MYC ya kama aiki ba tsayawa, kamar yadda aka tabbatar a 1982. Sai dai jiki ba wawa ba ne. A 1992 Gerard Evan ya nuna cewa shi wannan umarni na hayayyafa, idan ya wuce kima, da kansa yake tayar da ajalin ƙwaya. Shi ya sa idan aka duba kumburin Burkitt a madubi akan gan shi kamar sama mai taurari: fararen ɗigon nan ƙwayoyi ne masu shara, cike da gawawwakin 'yan'uwansu. Ciwon yana girma ne saboda haihuwa ta fi mutuwa yawa, bairos ɗin kuma yana taimaka wa ƙwayar ta kauce wa hukunci, zazzaɓin cizon sauro kuwa yana raunana sojojin da za su kama ta.

Wannan ne dalilin wani abin al'ajabi da likitoci suka gani tun shekarun 1960, ba su san sababinsa ba. Sukan yi wa yaro allurar wani magani mai suna saikulofosfamaid sau ɗaya ko biyu, sai kumburin da ya kai girman gwanda ya narke cikin kwanaki. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki har da Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru da ke koyarwa a Ibadan, wanda ya kasance cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker a 1972 tare da Burkitt. Sai a farkon shekarun 1990 aka fahimci cewa irin waɗannan magunguna ba yanka ƙwayar suke yi da kansu ba. Rauni suke yi wa rubutun gadonta, ita kuwa ta zartar wa kanta da hukunci. Ƙwayar Burkitt dama tana bakin rami, turawa kaɗan take jira.

Ga inda gizo ke saƙar: ciwon da aka fara koyon warkar da shi a Afirka, a yau yaran Turai da Amurka ne suka fi tsira daga gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba a kai kashi 30 ba. Kumburin Burkitt kan ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kowane mako da aka ɓata ana cire haƙori, ko ana neman makarin sammu, ko ana haɗa kuɗin motar zuwa babban asibiti, ciwon ne ke cin ribarsa.

Ratsawa ta Biyu: Rumbun Gyaɗa

A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, ba a san dalili ba. Da aka bi sawu sai aka tarar da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil, tana ɗauke da dafin wata funfuna. Aka raɗa wa dafin suna aflatoksin. Labarin ya girgiza Jihar Arewa, domin a lokacin dalar gyaɗa na tsaye a Kano, kuma gyaɗa ce ƙashin bayan tattalin arzikinmu. Kontagora kanta matattarar gyaɗa da auduga ce. Masu bincike na Samaru, musamman D. McDonald da C. Harkness, suka duƙufa a shekarun 1960 suna gwaji a Kano da kuma Mokwa, wadda ke kudu da mu a kan hanyar Jebba. Abin da suka gano mai sauƙi ne. Gyaɗar da aka cire a kan kari, kwansonta lafiya, yawanci ba ta da dafin. Funfunar tana samun ƙofa ne idan an bar gyaɗa a ƙasa bayan ta nuna, ko kwanso ya fashe, ko shanya ta ɗauki lokaci saboda damshi. Masara ma haka take, ga shi kuwa a yau masara ta cika rumbunan ƙasar Kontagora.

Me ya haɗa wannan da ajalin ƙwaya? Amsar ta fito a 1991. Rukuni biyu na masana, ɗaya na nazarin ciwon dajin hanta a yankin Qidong na ƙasar Sin, ɗaya a kudancin Afirka, suka tarar da abu guda. A da yawa daga cikin marasa lafiyar da ke zaune inda aflatoksin ya yawaita a abinci, harafi ɗaya tak ne ya sauya a cikin umarnin gadon p53, a gurbi na 249. Bincike a ƙasar Gambiya ya tabbatar da hakan a Afirka ta Yamma. Wato dafin yana zuwa ne kai tsaye ya makantar da alƙalin da ke yanke wa lalatacciyar ƙwaya hukunci. Kowane ɗalibin Hausa ya san abin da harafi ɗaya ke iya yi: tsakanin kafa da ƙafa lanƙwasa ɗaya ce. Idan kuma mutum yana ɗauke da bairos ɗin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasarmu, haɗarin yakan ninka ninkin-ba-ninkin. Shi ya sa ciwon dajin hanta, wanda a Turai cutar tsofaffi ce, a nan yake ɗaukar magidanta masu shekara talatin da arba'in.

A wannan ratsawa an sami abin da ya dawo mana. Tun 2004 Nijeriya ta sanya rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran da ake yi wa jarirai, kuma ta farko an fi son a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan kuma ta ƙirƙiro Aflasafe, wanda funfuna ce marar dafi da ake watsawa a gona don ta rigayi mai dafin kama wuri.

Ratsawa ta Uku: Angurya

Da aka gane cewa ciwon daji ƙin mutuwa ne, sai tambaya ta zama: ina sinadarin da zai cire hannun mai tsaron ƙofa? An gano BCL-2 a 1984 a Filadelfiya ta Amurka, a cikin wani ciwon dajin kaluluwa. A 1988 David Vaux da Suzanne Cory da Jerry Adams na birnin Melbourne suka nuna cewa aikinsa ba ƙara haihuwa ba ne, hana mutuwa ne. Aka shiga farautar abin da zai toshe shi. Ɗaya daga cikin sinadaran farko da aka samu suna yin haka yana cikin abin da makiyayanmu ke ba shanu da rani.

Idan aka fasa angurya akan ga 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe a cikin ƙwayarta. A nan ne auduga ke ajiye wani dafi rawaya da take kare kanta da shi daga ƙwari. An fara ware shi a 1886, aka raɗa masa suna gosifol a 1899. Dabbobi masu tuƙa suna iya jure shi daidai gwargwado, amma yana cutar da kaji da 'yan maruƙa, kuma tace mai a masana'anta ne ke raba man angurya da shi. A ƙasar Sin an lura cewa haihuwa ta ragu a ƙauyukan da ke girki da ɗanyen man angurya, saboda haka a shekarun 1970 aka gwada gosifol a kan dubban maza a matsayin maganin tazarar haihuwa. Ya yi aiki, amma aka watsar da shi, domin yana rage sinadarin fotashiyam a jini, wasu mazan kuma haihuwarsu ba ta dawo ba. A farkon shekarun 2000 sai aka gano cewa gosifol yana manne wa BCL-2 da danginsa. Aka tace shi, aka gwada a kan masu ciwon daji iri-iri, amma sakamakon bai kai a amince da shi a matsayin magani ba.

Wanda ya kai gaci sinadari ne da aka ƙera a ɗakin bincike daidai da ramin da ke jikin furotin ɗin, kamar yadda maƙeri ke ƙera mabuɗi. Na farko, ABT-737, ya fito a 2005. Wanda ya biyo shi ya yi ƙarfi, amma yana kashe ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Aka sake gyara, har aka sami benetokilas, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Afirilu na 2016 don wani nau'in ciwon dajin jini. Daga gano BCL-2 zuwa maganin, shekara 32 ke nan. A tsakanin haka an gano cewa ajalin ƙwaya ba hanya ɗaya gare shi ba. A 2005 Junying Yuan da abokan aikinta suka bayyana wata mutuwar da aka tsara amma mai fashewa, tare da sinadarin da ke dakatar da ita. A 2012 Brent Stockwell da Scott Dixon suka bayyana wata da sinadarin ƙarfe ke rura wutarta. Yawancin sinadaran da ake ambata a wannan fage kayan aikin bincike ne, kamar guduma da masaba a maƙera, ba a yi su don marar lafiya ya haɗiya ba.

Labarin angurya yana da darasi na musamman gare mu. Sau da yawa mukan ji a rediyo ko a kasuwa ana cewa an gwada wani ganye ko saiwa a jami'a, an ga yana kashe ƙwayar daji. Yana iya zama gaskiya. Amma kashe ƙwaya a kwalba ba wuya ba ne, ko gishiri in ya yi yawa zai yi. Wuyar aikin ita ce a kashe marar lafiyar a bar mai lafiyar, a cikin jikin mutum mai hanta da ƙoda da jini. Gosifol ya ci jarrabawar kwalba, ya faɗi ta asibiti. Wannan ba raina itatuwanmu ba ne, domin binkiristin, ɗaya daga cikin magungunan da ake ba yara masu ciwon Burkitt, daga wata fulawa 'yar asalin Madagaska aka samo shi, wadda ake shukawa don ado a ƙofar gidaje da ofisoshi a garuruwanmu. Bambancin shi ne an bi ta da awo da gwaji na shekaru, har aka san adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa.

Kammalawa

Mun ga yadda wani tunani da ya fara da talibambam a 1842 ya sami suna a 1972, ya sami hujja a jikin tsutsa, ya kuma zama ƙwayar magani a 2016. Mun ga kuma cewa a manyan zangunan wannan tafiya akwai sawunmu: ƙwayoyin yaron Ibadan, gonakin gwaji na Mokwa, da anguryar da ke zube a kasuwanninmu. Sababbin magungunan suna da tsadar da ta fi ƙarfin talaka, amma mafi yawan amfanin wannan ilimi ba a cikin kwalbar magani yake ba. Yana wurin uwar da ta san kumburin muƙamuƙi mai saurin girma na asibiti ne tun makon farko. Yana wurin manomin da ya cire gyaɗarsa a kan kari, ya shanya masararsa a kan leda ko dandamali har ta bushe ƙarau, ya ware ruɓaɓɓiya bai kai ta gidan mai ƙuli-ƙuli ba. Yana wurin magidancin da ya kai jaririnsa rigakafi ranar haihuwa bai jira suna ba.

Uwar nan da manomin nan da magidancin nan kuwa da Hausa za a gaya musu, ko da Kambarci, ko da Dakarci, ko da Fulatanci. Likitocin Aberdeen da suka ga abin a madubi sai da suka ƙwanƙwasa ƙofar malamin harshe kafin su iya gaya wa duniya abin da suka gani. Namu likitocin da masana aikin gona suna da irin wannan buƙata, kuma kalmomin da muka jarraba a wannan maƙala somin taɓi ne. Muna fata ɗalibanmu za su auna su, su gyara waɗanda suka karkace, su kuma ƙirƙiro waɗanda suka fi su.